Riƙon Hannun Jari na Dogon Lokaci a Cikin Hawa da Saukar Kasuwa

Hannun jari wani yanki ne na mallakar kamfani. Duk wanda ya saye shi ya zama ɗaya daga cikin masu kamfanin gwargwadon abin da ya zuba, yana da haƙƙi a cikin ribar da aka samu, kuma asara tana shafarsa idan ta auku. A Nijeriya ana saye da sayar da hannayen jarin manyan kamfanoni ne a Kasuwar Hannun Jari ta Ƙasa, wadda aka kafa a Legas a shekarar 1960, ta fara aiki a 1961, ta buɗe reshe a Kaduna a 1978 da kuma Kano a 1989. Tun daga shekarar 2021 ana kiranta NGX. Hukumar gwamnatin tarayya da ke sa ido a kan wannan harka ita ce SEC.

An shirya wannan bayani ne domin jama'ar karkara, da ma'aikatan ƙananan hukumomi, da masu riƙe da sarautun gargajiya waɗanda talakawa kan tunkare su da tambaya a kan takardun hannun jarin da suke ajiye da su ko waɗanda suka gada. Tambayar da aka fi yi ita ce: idan farashi ya faɗi, a sayar ne ko a daure? Tarihin kasuwarmu ya nuna cewa dauriya tana da amfani, amma bisa sharuɗɗa, kuma wanda bai cika sharuɗɗan nan ba dauriyarsa ba ta tsinana masa komai.

Yadda ake cin moriyar hannun jari

Hanyoyi uku ne. Ta farko ita ce rabon riba, wato kuɗin da kamfani ke ware wa masu hannun jari daga ribarsa, sau ɗaya ko sau biyu a shekara, bayan an cire harajin kashi 10 cikin 100. Ta biyu ita ce kyautar ƙarin hannun jari, inda kamfani zai ce, alal misali, duk mai guda biyar an ƙara masa ɗaya. Ta uku ita ce tashin farashi, wanda ba ya zama kuɗi a hannu sai ranar da aka sayar.

Makiyayi zai gane wannan ba tare da dogon bayani ba. Saniya tana ba da nono, tana haihuwa, sannan tana da farashinta a kara. Wanda ya riƙe ta domin nono da 'ya'ya ba ya damuwa ƙwarai da abin da dillalai suka taya ran kasuwa. Wanda ya saye ta domin ya sayar mako mai zuwa kuwa, ransa na ga farashin kara kaɗai.

Ana auna lafiyar kasuwar baki ɗaya da wani ma'auni da ya tattara farashin dukkan kamfanonin da ke cikinta. An fara lissafa shi daga maki 100 a watan Janairun 1984. Idan aka ji a rediyo an ce kasuwa ta tashi ko ta faɗi, wannan ma'aunin ake nufi.

Abin da ya faru a 2008

A watan Yulin 2004 gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Farfesa Charles Soludo, ya umarci kowane banki da ya ɗaga jarinsa zuwa naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka koma 25, kuma a cikin wannan haɗaka ne Bank of the North ya shige cikin Unity Bank. Domin tara kuɗin, bankuna sun fito da hannayen jari ga jama'a, suka cika gidajen rediyo da talla, suka kai fom har sakatariyoyin ƙananan hukumomi da kasuwannin ƙauye. Malaman makaranta, 'yan kasuwa, manoma da 'yan fansho da dama a lokacin ne suka fara sanin hannun jari. Farashi ya riƙa hawa shekara bayan shekara, har ya zama mutum ya sayi abu yau, bayan 'yan watanni ya ga ya ninka.

Daga nan sai bashi ya shigo. Bankuna da dillalai suka riƙa bai wa mutane rance domin su sayi hannun jari, hannun jarin kuma shi ne jinginar. Wasu bankunan ma rance suka riƙa bayarwa domin a sayi nasu hannun jarin, abin da ya ƙara hura farashin ba tare da kamfanin ya ƙara komai a ainihin darajarsa ba. A ranar 5 ga Maris, 2008, ma'aunin ya kai maki 66,371, jimillar darajar kasuwar kuma ta haura naira tiriliyan 12.

Daga wannan rana aka fara gangara. Rikicin kuɗi da ya taso daga Amurka ya sa baƙin masu zuba jari suka kwashe kuɗinsu. Gangar ɗanyen mai, wadda ta kai dala 147 a watan Yulin 2008, ta faɗo ƙasa da dala 40 kafin shekarar ta ƙare. Da farashin hannayen jari ya fara sauka, sai masu ba da rance suka shiga sayar da jinginar da ke hannunsu domin su tsira da kuɗinsu, wannan sayarwa kuma ta ƙara karya farashin, wanda ya jawo wata sayarwar. A watan Agusta hukumomin kasuwar suka kafa doka cewa kada farashin wani kamfani ya sauka fiye da kashi 1 cikin 100 a rana guda. Dokar ba ta hana komai ba illa ta sa masu saye suka janye, masu sayarwa suka yi layi, aka janye ta a watan Oktoba. Shekarar ta ƙare ma'aunin yana 31,450. Zuwa ƙarshen Maris na 2009 ya sauko ƙasa da 20,000, wato kimanin kashi 70 cikin 100 na darajar ya tafi a cikin shekara guda.

Ya kamata a lura da wani lissafi a nan, domin mutane da yawa ba sa kula da shi. Abin da ya faɗi da rabi, sai ya ninka kafin ya koma inda yake. Abin da ya faɗi da kashi 70 kuwa, sai ya ninka fiye da sau uku. Shi ya sa faɗuwa take da sauri, farfaɗowa kuma take jan ƙafa.

A watan Agustan 2009 sabon gwamnan Babban Banki, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, wato Afribank, Intercontinental, Oceanic, Union da Finbank, ya zuba masu naira biliyan 420 domin kada su durƙushe da kuɗin masu ajiya. A watan Oktoba wasu bankunan suka biyo baya, jimillar tallafin ta kai naira biliyan 620. A 2010 aka kafa hukumar AMCON domin ta sayi basussukan da suka gagara biya. A watan Agustan 2011 aka ƙwace lasisin Afribank da Bank PHB da Spring Bank, aka miƙa kadarorinsu ga sababbin bankuna uku mallakar gwamnati: Mainstreet, Keystone da Enterprise. Masu ajiya ba su rasa kuɗinsu ba. Masu hannun jari kuwa takardunsu suka zama ba su da daraja a kasuwa. Intercontinental ya shige cikin Access, Oceanic cikin Ecobank, Finbank cikin FCMB, inda masu hannun jarinsu suka tashi da ɗan abin da bai kai kusa da farashin da suka saya ba.

Shekarun da suka biyo baya

Kasuwar ba ta miƙe tsaye lokaci guda ba. Ta tashi da kashi 35 cikin 100 a 2012 da kashi 47 a 2013, sannan ta faɗi shekaru uku a jere, 2014 zuwa 2016, lokacin da farashin mai ya sake karyewa kuma tattalin arzikin ƙasa ya shiga matsi. Ta tashi da kashi 42 a 2017, ta sake sauka a 2018 da 2019. Da annobar korona ta zo, a farkon Afrilun 2020 ma'aunin ya koma ƙasa da 21,000, kusan inda yake shekaru goma sha ɗaya da suka gabata. Duk wanda ya duba kasuwar a wannan mako yana da hujjar yanke ƙauna. Amma kafin wannan shekarar ta ƙare ma'aunin ya kai 40,270, wato kusan ninki biyu a cikin wata tara, kuma wanda ya sayar a watan Maris ko Afrilu saboda tsoro bai ci komai a wannan tashi ba.

Sai a ƙarshen watan Agustan 2023 ma'aunin ya wuce matsayin da ya kai a Maris 2008. Shekara goma sha biyar da wata biyar ke nan. A watan Janairun 2024 ya haura 100,000 a karon farko, ya rufe shekarar yana 102,926, a cikin 2025 kuma ya wuce 140,000.

Waɗannan alƙaluma suna ba da labari biyu. Wanda ya shiga a ƙarshen 2009, lokacin da kowa ke gudun kasuwar kuma ma'aunin yana 20,827, ya ga abin da ya zuba ya ninka kusan sau biyar zuwa ƙarshen 2024, ban da rabon ribar da ya riƙa karɓa. Wanda ya zuba kuɗinsa gaba ɗaya a watan Maris na 2008 kuwa, zuwa ƙarshen 2024 ƙarin da ya samu a farashi bai wuce rabi da 'yan kai ba. A tsakanin nan dala ta tashi daga kimanin naira 118 zuwa sama da 1,500, kowa kuma ya san abin da buhun masara ko na taki ya koma. Saboda haka ko da aka ce kasuwa ta dawo a 2023, a lissafin naira ne ta dawo. A lissafin abin da kuɗin zai iya saye, wannan mutum bai dawo ba. Abin da ya rage masa zafi shi ne rabon riba, idan ya dace da kamfanoni irin su Zenith, GTBank ko Nestle, waɗanda suka shafe shekaru masu yawa suna biya, musamman idan ya riƙa mayar da ribar yana ƙara sayen hannun jari lokacin da yake da araha.

Don haka ba daidai ba ne a gaya wa jama'a cewa duk wanda ya yi haƙuri zai ci riba. Masu hannun jarin Afribank sun yi haƙuri. Masu na Skye Bank ma, wanda aka ƙwace lasisinsa a 2018, sun yi. Haƙurin da ke biya shi ne wanda aka yi a kan kamfani mai rai, da kuɗin da ba na bashi ba.

Sharuɗɗan da ke sa dauriya ta yiwu

Sharaɗi na farko shi ne kuɗin ya zama na mutum ne, kuma ba ya bukatarsa nan kusa. Kuɗin taki, kuɗin makarantar yara, kuɗin aurar da 'ya a bana, kuɗin kujerar aikin Hajji, duk ba na kasuwar hannun jari ba ne. Akasarin waɗanda suka sayar a ƙasan farashi a 2009 ba rashin sani ne ya sa su ba, bukata ce ta tilasta masu, ko kuma mai bashi ya sayar a madadinsu. Manomi ya san wannan hali: wanda bashi ya ci masa wuya shi ne ke fitar da hatsinsa da kaka, lokacin da mudu ya fi araha, mai hali kuma ya zuba a rumbu ya jira tsakiyar damina. Bambancin kawai shi ne kakar hatsi da bazararsa suna da lokaci sananne, na hannun jari kuwa babu wanda ya san ranar zuwansu, kuma jiran kan iya kai shekara biyar ko goma.

Na biyu shi ne rarraba jari. A 2008 bankuna ne suka ɗauki fiye da rabin darajar kasuwar, mutane da yawa kuma duk abin da suka mallaka na banki ne, wani lokaci ma banki ɗaya. Yau akwai zaɓi fiye da na wancan lokaci: Dangote Cement ya shiga kasuwar a 2010, MTN Nigeria da Airtel Africa a 2019, BUA Cement a 2020, BUA Foods a 2022, ga kuma tsofaffin kamfanonin abinci da na man fetur. Wanda kuɗinsa bai kai ya sayi kamfanoni da yawa ba yana iya shiga asusun haɗin gwiwa, inda ƙwararru masu rajista da SEC ke tara kuɗin mutane da dama su rarraba shi, suna cire ladan aikinsu a shekara. Hannun jari ma kada ya zama shi kaɗai ne dukiyar mutum. Gona da dabbobi da 'yar ajiyar ko-ta-kwana suna nan a matsayinsu.

Na uku shi ne saye kaɗan-kaɗan a kai a kai, kamar zubin adashi, maimakon zuba komai rana ɗaya. Ga misali domin a fahimta, ba tare da lissafa ladan dillali ba. Mutum ya ƙudura zuba naira 12,000 duk bayan wata uku a wani kamfani. Karon farko farashi naira 20 ne, ya samu guda 600. Karo na biyu ya faɗi zuwa naira 10, ya samu 1,200. Karo na uku ya ɗan farfaɗo zuwa naira 15, ya samu 800. Ya kashe naira 36,000 ke nan, yana da guda 2,600, waɗanda a farashin naira 15 darajarsu ta kai naira 39,000. Maƙwabcinsa da ya zuba naira 36,000 a ranar farko guda 1,800 ya samu, darajarsu kuma naira 27,000 ce. Kamfani ɗaya, kuɗi ɗaya, amma ɗaya yana kan riba ɗaya yana kan asara. Gaskiya ne da farashin ya yi ta hawa ba sauka, maƙwabcin ne zai fi cin riba. Amfanin wannan tsari shi ne yana kare mutum daga zuba dukiyarsa duka a rana irin ta 5 ga Maris, 2008, kuma yana sa shi ci gaba da saye a lokacin da tsoro ya hana kowa.

Na huɗu shi ne mutum ya riƙa duba kamfanin, ba farashin kullum ba. Kowane kamfani da ke kasuwar wajibi ne ya fitar da rahoton kuɗinsa kuma ya kira babban taron shekara. Abin tambaya shi ne: yana samun riba? Yana raba ta? Bashinsa na ƙaruwa ne ko raguwa? Yana fitar da rahotonsa a kan lokaci? Idan duk kasuwa ta faɗi amma kamfanin na sayar da simintinsa ko sukarinsa kamar kullum, faɗuwar ba dalilin sayarwa ba ce. Idan kuwa kamfanin ya shekara biyu ko uku bai fitar da rahoto ba, ko hukuma ta sauke shugabanninsa, ko asara ta cinye jarinsa, to riƙe shi ba dauriya ba ce kuma, ganin kitse ne ake yi wa rogo. Sayarwa tana da wasu dalilan masu kyau: bukatar da aka tara kuɗin dominta ta iso, ko kamfani ɗaya ya girma har ya rinjayi sauran abin da mutum ya mallaka.

Shekarun mutum ma abin dubawa ne. Ma'aikatan da ke cikin tsarin fansho na karo-karo, wanda dokar 2004 ta kawo, suna da hannu a wannan kasuwa ko ba su sani ba, domin ana zuba wani kaso na kuɗinsu a hannayen jari. Tun daga 2018 hukumar fansho ta raba asusun gida-gida bisa shekaru, inda ake rage kason hannun jari ga wanda ya kai shekara 50, a ƙara rage shi ga wanda ya yi ritaya. Dalilin a bayyane yake: matashi yana da lokacin jiran kasuwa ta farfaɗo, dattijo ba shi da shi. Mai zuba jari na kansa ya kamata ya bi wannan tsari.

Ga waɗanda ke son kauce wa kamfanoni masu mu'amala da riba ta ruwa, ko giya, ko caca, tun 2012 kasuwar tana da ma'auni na musamman mai suna Lotus Islamic, wanda ya ƙunshi kamfanonin da aka tantance bisa ƙa'idojin Shari'a. Bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, ya shiga kasuwar a 2017, shekarar da gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko na naira biliyan 100. Batun zakkar hannun jari kuwa, a tuntuɓi malamai.

Masu alkawarin ninka kuɗi

Duk lokacin da kasuwa ta yi sanyi ko rayuwa ta yi tsada, sai masu alkawarin riba mai yawa cikin 'yan makonni su bayyana. An ga haka a 2007, an ga MMM da ya rufe asusun mutane a watan Disambar 2016, an kuma ga CBEX da ya rushe a watan Afrilun 2025. Waɗannan ba hannun jari ba ne, domin babu kamfanin da ke sarrafa komai a bayansu; kuɗin sababbin shiga ake bai wa tsofaffi har ranar da abin zai tsaya. Dokar zuba jari ta 2025 ta haramta su ƙarara tare da tanadin ɗauri. Babu dillalin gaskiya da zai yi wa mutum alkawarin adadin ribar da hannun jari zai kawo, kuma SEC na wallafa sunayen dillalan da ta yi wa rajista domin kowa ya bincika kafin ya miƙa kuɗi.

Tsofaffin takardu da ribar da ba a karɓa ba

Riƙon dogon lokaci ba ya nufin a jefa takarda a akwati a manta. A 2023 SEC ta bayyana cewa ribar da masu ita ba su karɓa ba ta kai kimanin naira biliyan 190. Dalilan sanannu ne a karkara: an sauya adireshi, ko an sayi hannun jarin da suna iri-iri a lokacin rububin 2005 zuwa 2007, ko mai shi ya rasu magada ba su san da shi ba. A bisa dokar kuɗi ta 2020, ribar da ta shekara shida ba a karɓa ba ana mayar da ita wani asusun amana na gwamnatin tarayya, amma mai ita ko magajinsa yana da ikon nema a kowane lokaci.

Yanzu ba a aika takardar karɓar riba ta gidan waya kamar da. Mai hannun jari zai cike fom na biyan riba kai tsaye, ya sa lambar asusunsa da lambar BVN, ya miƙa a bankinsa ko ga magatakardan kamfanin, wato ofishin da ke riƙe da rajistar masu hannun jari. Tsohuwar takardar shaida kuma sai a kai ta wurin dillali mai rajista domin a tantance ta, a shigar da ita asusun CSCS, inda ake ajiye hannayen jari a na'ura tun 1997. Sai an yi haka ake iya sayarwa. Kada a yar da takarda don kawai sunan kamfanin ya ɓace, domin mai yiwuwa ya haɗe ne da wani, kuma an musanya hannun jarin da na sabon kamfanin.

Idan mai hannun jari ya rasu, magada za su nemi takardar shaidar rasuwa da takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu, su kai wa magatakardan kowane kamfani, sannan a mayar da hannun jarin da ribar da ta taru zuwa sunansu kafin a raba gado. Ana shawartar hakimai, dagatai, masu unguwanni da jami'an walwalar jama'a na ƙananan hukumomi da su riƙa tambayar iyalan mamaci ko ya bar irin waɗannan takardu a lokacin da ake ƙididdigar dukiya, musamman idan tsohon ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa da ya yi harka a shekarun haɗakar bankuna.